Hukuncin Neman Fatawa a Wurin Na'ura

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya gafarta. Ina koyarwa a wata Islamiyya a Rigasa. Ɗalibaina sun koma tambayar ChatGPT da Meta AI hukuncin sallah da azumi, sai su zo aji su ce "na'ura ta ce". Shin wannan ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri.

Asalin kayan aiki halacci ne. Wanda ya yi amfani da waɗannan manhajoji don gyara wasiƙa, ko lissafi, ko neman inda wata mas'ala take a littafi, babu laifi a kansa.

Fatawa kuwa daban take. Tun da ChatGPT ta fito a ƙarshen 2022 nake duba lamarin. Na'urar ba ta zauna gaban malami ba. An ɗura mata rubutun intanet ne mai ɗimbin yawa, na malami da na jahili, ingantaccen hadisi da ƙagagge, sai ta koyi wace kalma ce ta saba bin wace. Irin wannan shi magabata ke kira mai tsintar itace da dare: ya kwaso itace, ya haɗo da maciji. Imamu Muslim ya kawo a gabatarwar Sahihinsa cewa Ibn Sirin ya ce wannan ilimi addini ne, ku duba daga wa kuke karɓar addininku. To, wa ke bayan wannan amsa? Wa za a kama idan ta ɓatar?

Wani ɗalibina ya taɓa miƙo mini wayarsa bayan sallar Magariba a Tudun Wada, ga hadisi da Larabci tsaf, har da lamba, wata manhaja ta jingina shi ga Bukhari. Muka buɗe littafin, babu shi. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne yaron har ya tura wa mutane.

Saboda haka ba ya halatta a yi aiki da hukuncin da ta bayar, ko a yaɗa shi, sai an tabbatar a littafi ko wurin malami amintacce. Allah ya ce a Suratun Nahli, aya ta 43, a tambayi ma'abota sani. Saki da gado kuwa sai malami ko alƙali, domin sai an ji lafazin da miji ya furta, an ƙirga magada.

Kada ki hana su wayar, Malama. Duk wanda ya kawo amsa, ki sa shi ya buɗe Risala ko Iziyya ya nuna miki wurin.

Allah ne Mafi sani.