Yarinyar maƙwabta da ke talla har dare a Tashar Dukku

'Yar'uwa, kin ce ɗiyar maƙwabciyarku 'yar shekara 9 tana tallar gyaɗa a Tashar Dukku, tashar motar nan ta Gombe, har bayan isha'i, ba ta zuwa boko, kuma kina tsoron ki yi magana zumunci ya lalace. Kin kyauta da abin ya dame ki.

Kada ki fara da hukuma. Ki shiga gidan da rana ki zauna da uwar, ki ji abin da ya sa. Sau da yawa ribar tallar nan ita ce cefane, wata uwar kuma kayan ɗaki take tara wa yarinyar. In kin shiga da faɗa, za a ce me ya shafe ki. Ki fara neman abu ɗaya tak: ta riƙa dawowa gida kafin magariba. Tasha da dare ba wurin 'ya mace ba ne, mu da muka tashi a Gombe mun sani.

Sannan maganar makaranta. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta sa karatun shekara 9, daga firamare zuwa ƙaramar sakandare, ya zama kyauta kuma tilas. Ki raka uwar wajen hedimasta, ki nemi 'yan kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma da ke kula da makarantar, sukan taimaka. In da ɗinki ko wata sana'ar cikin gida da za ki haɗa uwar da ita, ya fi wa'azi tasiri.

Idan uban ya ƙi, maigidanki ya sami mai unguwa ko liman. Amma in kin ga alamar duka ko wani ya taɓa yarinyar, babu sauran kara: asibiti, sannan 'yan sanda da ofishin jin daɗin jama'a, a ranar.