Travelcard ko Dangwale: Wanne Ya Fi Sauƙi ga Mai Zuwa Aiki a Jirgin Landan?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na samu aiki kusa da Oxford Circus, ina zaune a Brixton, kwana biyar nake fita a mako. Abokan aiki sun ce in yanki Travelcard na wata, wato tikitin hawa jirgi da bas ba adadi, in huta. Shin shi ya fi araha, ko in ci gaba da dangwala katin banki a ƙofar tasha?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka bi shawarar abokai, ɗauko biro. An raba Landan shiyya-shiyya wajen kuɗin jirgi: Brixton tana shiyya ta 2, Oxford Circus tana shiyya ta 1. A farashin da hukumar sufurin Landan, TfL, ta sa a watan Maris na 2025, tafiya ɗaya tsakanin shiyyoyin nan a lokacin cunkoso fam 3.50 ce. Zuwa da dawowa fam 7, kwana biyar fam 35. Travelcard na mako na shiyya 1 zuwa 2 kuwa fam 44.70 ne, na wata fam 171.70. In daga gida sai ofis, daga ofis sai gida, to dangwalen da kake yi ya fi, kuma ranar da ka kwanta rashin lafiya ko ka tafi hutu ko sisi ba za a cire maka ba.

Lissafin yana juyawa ne idan sai ka hau bas kafin ka kai tasha. A wancan farashin na 2025, bas fam 1.75 ne, safe da yamma fam 3.50, ka ga kuɗin yini ya kai fam 10.50. Ba za a cire maka haka ba, domin akwai iyakar yini: da ka kai fam 8.90 a waɗannan shiyyoyi, sauran tafiye-tafiyen ranar kyauta ne. Amma fam 8.90 sau biyar ya zama 44.50, wato kusan kuɗin Travelcard na mako cif. Mai irin wannan zirga-zirga shi ne Travelcard ke yi wa rana, amma ba na mako ba. Na mako ba shi da wata fa'ida a kan dangwale, tunda shi ma dangwalen yana da iyakar mako daidai da farashinsa, daga Litinin zuwa Lahadi. Na wata ana lissafa shi a kan mako 3.84, na shekara a kan mako 40 kacal, shi ya sa na shekarar ya kama fam 1,788. Mako goma sha biyu ke nan a ɓagas. Kuɗin da yawa a lokaci ɗaya, gaskiya ne, amma ma'aikatu da dama a Ingila suna ba ma'aikaci rancen sayen tikitin shekara ba kuɗin ruwa, a riƙa cira daga albashi. Tambayi ofishin kula da ma'aikata. Sai dai kada ka ɗaure kanka da na shekara in kana shirin sauya gida ko aiki.

Farashi yakan sauya a watan Maris, don haka duba na yau ka sake wannan lissafin da kanka.

Tambaya: Ni ɗaliba ce, shekarata 24, nakan shiga makaranta kwana uku a mako. Wane rangwame ya dace da ni?

Amsa: Malama, rangwame biyu ne a gabanki, kuma mutane suna yawan rikita su. Katin 18+ Student Oyster, wato katin sufurin TfL na ɗalibai, yana rage kashi 30 cikin ɗari, amma a kan Travelcard da tikitin bas na mako ko wata ko shekara kaɗai. Ba ya rage ko kwabo a kan dangwale. Shi kuma 16-25 Railcard, katin rangwamen jirgin ƙasa na matasa, yana rage kashi ɗaya bisa uku na kuɗin dangwale da iyakar yini, amma a wajen lokacin cunkoso. Mai fita kwana uku, na biyun ya fi mata.

Inda ake faɗuwa shi ne a sayi Railcard a ajiye a waya a zaci shi ke nan. Sai kin je tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da katin Oyster, wato katin TfL da ake zuba wa kuɗi a riƙa dangwalawa, ma'aikaci ya ɗora miki rangwamen a jikin injin sayar da tikiti. In kin sabunta Railcard ɗin, sai an sake ɗorawa.

Lokacin cunkoso Litinin zuwa Juma'a ne, ƙarfe 6:30 zuwa 9:30 na safe da 4:00 zuwa 7:00 na yamma, kuma lokacin da kika dangwala wajen shiga shi ake dubawa. In laccarki ta ƙarfe goma da rabi ce, tsayawa minti biyar a bakin ƙofa har 9:30 ta gota ba wauta ba ce. Wani abin da ko tsofaffin 'yan gari ba duka suka sani ba: mai shigowa shiyya ta 1 daga waje tsakanin 4:00 da 7:00 na yamma farashin sauƙi yake biya. Masu aikin dare a asibitocin tsakiyar gari su lura.

Tambaya: Na duba asusuna na ga an cire mini fiye da iyakar yini. Cuta ce?

Amsa: Da wuya. Galibi ɗaya daga abubuwa uku ne. Ko ka shiga da waya ka fita da katin roba: ko da asusun banki ɗaya ne, injin yana ganinsu kati biyu daban, sai ya ɗauka tafiya biyu ka yi ba ka kammala ko ɗaya ba, ya ci ka kuɗi mafi tsada a kowace. Ko ka manna walat gaba ɗaya da katuna biyu a ciki, injin ya kama wanda ya ga dama. Ko kuma ka fita a tashar da babu ƙofa, irin yawancin tashoshin DLR, jirgin nan na gabashin Landan, ka wuce injin mai launin rawaya ba ka dangwala ba. Irin wannan caji ba ya shiga lissafin iyakar yini, shi ya sa ka ga ya zarce. Buɗe asusu a shafin TfL, ɗora katinka, za ka ga tafiyar da ba ta cika ba, ka faɗi inda ka sauka ka nemi a mayar maka da rarar. Kada ka bari ta kwana biyu, domin akwai wa'adi.

In kuma hanyarka tana kewaye shiyya ta 1, misali kana canza jirgi a Stratford ko Highbury & Islington ko Canada Water, nemi injin mai launin ruwan hoda a kan dandamali ka dangwala. Idan ba ka yi ba, za a iya ɗauka ta tsakiyar gari ka bi a caje ka kuɗin shiyya ta 1. Wanda kuma bai daɗe da sauka a ƙasar ba yana amfani da katin bankin gida, ya tambayi bankinsa abin da yake ɗorawa na canjin kuɗi. In yana da yawa, ya sayi Oyster ya zuba masa kuɗi har ya buɗe asusu a Birtaniya.