Dokina na afka wa shinge a guje

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba. Ina da doki ɗan shekara 7, a da na hawan sallah ne, yanzu ina koya masa tsallaken shinge. Da ya hango shinge sai ya ƙwace linzami ya kwasa a guje. Wani sa'in ya tashi tun daga nesa, wani sa'in ya kutsa har gindin shingen ya kaɗe sanda. Abokai sun ce in sa masa linzami mai zafi. Me ka gani? Daga mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗana. Don Allah kada ka ƙara masa zafin linzami. Dokin hawan sallah ya saba da abu biyu, sukuwa da zamiya, ba a koya masa abin da ke tsakani ba. Tsallake kuwa a tsakanin nan yake rayuwa: ka iya tsawaita takun doki ko ka gajarta shi ba tare da ya canza karin tafiyarsa ba. In bakinsa na ciwo, ɗaga kai zai yi ya sandare baya, gudun ma ya ƙaru.

Ka ajiye shinge tukuna. Kwantar da sanduna biyu a ƙasa, tazarar mita 20 a tsakaninsu. Shiga da ƙaramar sukuwa, kana ƙirga taku da baki daga inda ya dira bayan sandar farko. Masu tsara filin gasa kan ɗauki takun doki a kan mita 3.6 zuwa 3.7, amma dawakinmu na gida sun fi na Turai ƙanƙanta, don haka kada ka damu in naka ya yi shida a inda babban doki zai yi biyar. Abin da nake so shi ne ya maimaita adadi ɗaya, takun duk kai ɗaya. In hakan ya zauna, nemi ƙarin taku guda, wato ka gajarta takunsa. Zauna sosai a sirdi, miƙe ƙirji, matse shi da ƙafa, ka ɗan riƙe linzami na ƙiftawar ido ka saki. Sakin nan shi ne ladansa, kuma shi ne mahaya suka fi mantawa. Gajartawar ta fara tun daga inda ka sha kwana ka nufo sandunan, ba bayan ya haye sandar farko ba. Daga baya sai ka rage taku guda daga adadin farko, ka sake komawa.

Tsakanin haka ka yawaita sauya tafiya, daga sassarfa zuwa ƙaramar sukuwa da dawowa, a kan da'ira, dama da hagu.

Ranar da zai ba ka biyar, shida ko bakwai duk yadda ka nema, mayar da sanda ta biyu ƙaramin shinge mai sanduna a gicciye. In ya sake rugawa, juya shi da'ira cikin natsuwa tun da nisa, ka dawo.

Kafin duk wannan, kira likitan dabbobi ya duba haƙoransa da bayansa, ka kuma tabbata sirdin bai matse masa kafaɗa ba.