Me "opt" ke nufi, kuma me ya raba ta da "choose"?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Kamfanin waya ya turo mini saƙon talla, a ƙasa aka rubuta cewa in ba na so in yi "opt out". Na duba ƙamus, ya ce "opt" zaɓa ne. To me ya raba ta da "choose"? Daga wata ɗaliba a Gusau.

Amsa: Malama, ƙamus bai yi ƙarya ba, taƙaitawa ya yi. Mu "zaɓa" guda ta ishe mu, tumatir ne a tire ko gwamna a akwatin ƙuri'a. "Choose" ma haka take, ko'ina tana shiga. Ita kuwa "opt" ana kawo ta ne idan an shimfiɗa miki hanyoyi biyu ko uku, aka ce ki bi ɗaya. Daga Faransanci ta shigo Turanci, tushenta Latin ne, kuma dangin "option" ce. Manyanki za su tuna Option A4, tsarin da aka bi a zaɓen 1993, lokacin da Farfesa Humphrey Nwosu ke shugabantar hukumar zaɓe.

Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne, "opt" ba ta tafiya ita kaɗai. "I chose rice" daidai ne, amma "I opted rice" kuskure ne, sai dai "I opted for rice". Idan aiki ne zai biyo baya, sai ki sa "to": "She opted to stay", wato ta gwammace ta zauna. Ni a ganina "gwammace" ta fi "zaɓa" kama ma'anarta.

Sai wadda aka turo miki. "Opt out" na nufin an riga an saka ki cikin abu, ke ce za ki ce a cire ki, shirunki kuwa amincewa ne. Kishiyarta "opt in": kina waje har sai kin ce a saka ki. Kamfanoni sun fi son ta farko, don sun san yawancinmu ba ma karanta saƙo har ƙarshe. Ƙasashe ma suna yi: a yarjejeniyar Maastricht ta 1992 da ta kafa Tarayyar Turai, Birtaniya ta samu "opt-out", shi ya sa ta riƙe fam ɗinta ba ta karɓi yuro ba.

Saƙonnin tallan kuwa, idan sun ishe ki, rubuta STOP ki tura zuwa 2442. Lambar da hukumar sadarwa ta NCC ta ware ke nan don wannan aikin.