Kan maganar masu kawo kaya: ka fara duba bashin da suke bin ku

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanena, na saurari saƙonka tun jiya da dare, ina hanyar dawowa daga Techiman ne shi ya sa ban amsa ba. Ga waɗanda ba su ji ba, cewa ya yi an mayar da shi sashen sayayya a kamfaninsu da ke sarrafa kaɗanya da waken soya ana turawa Turai. To masu sayen kayansu sun aiko da wata takarda mai kauri, wai duk wanda ke kawo wa kamfanin kaya sai ya sa hannu cewa babu aikin yara, babu saran daji, babu cin hanci, kuma lebura yana da kariya. Yana tambaya yaya zai yi su sa hannu, kuma wanda ya ƙi, ya sallame shi ko yaya.

To ni dai abin da na ji a muryarka, so kake ka cika fayil kafin odita mai binciken takardu ya zo, oga ya ƙyale ka ka huta. Idan shi ne, ai ba wuya. Ka ɗauki waya ka ce wanda bai sa hannu ba ba za a sauke lodinsa ba. Gobe kafin hantsi duk sun zo, wanda bai yi boko ba ya dangwala yatsa, kuma wallahi babu mai karanta ko shafi ɗaya. Amma takarda ba ta hana komai. A 2013 wani bene ya rushe a Bangaladash, Rana Plaza, ya kashe masu ɗinki sama da 1,100, kuma wasu daga cikin masana'antun da ke ginin an riga an yi musu binciken odita. Takardunsu na nan cif. Saboda haka ni ba daga nan zan ce ka fara ba.

Ka tashi daga teburinka ka je wurin akanta, ka ce ya buga maka jerin duk waɗanda suka kawo kaya ba a biya su ba, da ranar da kowanne ya sauke. Daga nan za ka fara. Ka gane? Domin duk abin da Turawan nan suka lissafa a takardarsu, in ka bi shi a hankali, yawanci a wurin biyan kuɗi yake samo asali.

Bari in ba ka abin da ya faru a gabana, har yau yana ci min rai. A 2022 ina sayen masara wa wani kamfanin abincin kaji a nan Kumasi, ba zan kama suna ba. Kowa a gidan nan ya san shekarar. A farkonta dala tana sidi 6 da 'yan kai a kuɗinmu na Ghana, kafin ƙarshenta ta haura 13, hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba. Akwai wani dattijo da ke kawo mana masara daga Ejura, mutumin kirki, masararsa busasshiya ƙayau, ka cusa hannu cikin buhu ka ji tana ƙara, babu ƙwari babu tsakuwa. Yarjejeniya ta ce biya bayan wata guda. Sai manya suka zauna a ofis mai sanyi suka ce daga yanzu wata uku, wai don a riƙe kuɗi a hannu. Babu wanda ya kira shi ya faɗa masa. Ya zo karɓar kuɗi aka ce oga bai sa hannu ba. Ya dawo aka ce cek yana Akra. Ya sake dawowa aka ce akanta ya tafi jana'iza. Dattijon nan da furfurarsa yana zaune a benci bakin ƙofa tare da masu gadi, da takardar saukar kaya a naɗe cikin leda, wayarsa sai ƙara take, manoman da ya karɓi kayansu bashi suna nemansa. Ranar da aka biya shi, kuɗin da a da zai cika tirela ba su ƙara cika ta ba. Jarinsa ya narke a hannunmu, mu da muka fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba.

To me ya biyo baya? Lodinsa na gaba da aka soka na'urar auna danshi, masarar ba ta gama bushewa ba. Ba shi da kuɗin jira a shanya ta, dole ya kwasa ya kawo da wuri ko ya samu ya juya. Masara mai danshi kuwa ka san ƙarshenta, fumfuna ce, ita ke kawo gubar nan afalatoksin da ke lalata hanta, ta kashe kaji, ta cuci mutum. Sai ga su waɗanda suka riƙe masa kuɗi sun rubuta cewa ingancin kayansa ya faɗi, a cire shi daga jeri. Na yi magana a taro har murya ta dushe. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Aka ce ni ba ruwana da harkar kuɗi, in tsaya a kan sayayya. Kuma abin haushin, a bangon ofishin nan akwai allo an rubuta manufofin kamfani, har da riƙon amana. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne. Hadisi ne da ke cikin Buhari da Muslim, ba sai Bature ya aiko mana da shi a takarda ba. Kamfani yana iya zuwa banki. Ɗan kasuwar Ejura in ya je, kuɗin ruwa a lokacin ya haura kashi 30, wa zai ɗauka? Ashe kenan ƙaramin ne ke ba babban rance, kyauta, bisa tilas.

Na daɗe a kan wannan, na sani, amma ka riƙe shi. In ka matse wanda ke kawo maka kaya, shi ma ba haɗiyewa zai yi ba, zai matse na ƙasa da shi. Zai rage wa matan da suka tsinto kaɗanya farashi, ko ya je da olonka, gwangwanin awo, mai zurfi ya auna. Zai ɗora wa mota fiye da ƙima don ya rage kuɗin sufuri, direba ya kwana yana tuƙi a hanyar Tamale zuwa Kintampo ba barci. Manomin da ba a biya ba, ba zai iya ɗaukar ɗan ƙodago ba, sai ya ce wa ɗansa yau ba makaranta. Ga aikin yaran da kake nema ka hana, daga teburin akanta ya taso.

Sannan ka fita ka je ka gani da idonka. Mutumin da ke kawo maka takardar biya a Kumasi dillali ne, ba shi ne tushen kayan ba. Kaɗanyar nan mata ne ke tsinto ta a wajen Tamale da Wa da Bolga, daga wajen watan Mayu zuwa Agusta, da asuba, cikin ciyawa, lokacin da macizai suka fi yawa. Su dafa, su shanya, su fasa. Ka tambayi dillalinka sunan ƙauyukan. In ya fara kame-kame, ka san akwai magana. Ka je ba tare da ka sanar ba. In ka sanar, za ka tarar an share fili, an jera mata da sababbin safar hannu da ledarsu ba a ma cire ba. Ka zauna da shugabar matan, kuma kada dillali ya zama tafinta, ka nemi naka. Tambayoyin ba su da yawa. Nawa aka saya a hannunku? Da wane ma'auni? Nan take aka biya ko sai da aka ja? Ka dubi ƙafafunsu, akwai takalmin roba ko silifa ne? Ka dubi itacen da suke dafawa da shi, daga ina? Domin a arewa ana sare itacen kaɗanya a yi gawayi, kuma matar da ke samun kuɗi mai kyau daga 'ya'yansa ita ce za ta fara hana a sare shi. Akwai ƙungiyar Global Shea Alliance, ofishinta a Akra yake tun 2011, sun yi aiki sosai kan haɗa mata cikin ƙungiyoyi da gina musu sito don su sayar a dunƙule. Ka neme su, ba sai ka ƙirƙiro komai daga farko ba.

Maganar yara kuma, don Allah ka yi ta da ilimi, kada ka je ƙauye kana ihu don ka ga yarinya ta raka uwarta ranar Asabar. Dukkanmu nan mun taya iyayenmu aiki. Dokar yara ta Ghana ta 1998 ta fayyace: aiki mara nauyi daga shekara 13, ɗaukar aiki sosai daga 15, aiki mai haɗari sai 18. Abin da ake nufi shi ne yaron da aka cire daga aji, ko aka ba shi adda, ko aka goya masa tankin feshi, ko aka ɗora masa buhun da ya fi ƙarfinsa. Kuma kada wani ya ce sharrin Turawa ne kawai. A harkar koko kamfanonin cakulan sun yi alkawarin magance abin tun 2001, amma binciken da cibiyar NORC ta Jami'ar Shikago ta fitar a 2020 ya ce yara kusan miliyan 1.56 ne ke irin wannan aiki a gonakin koko na Ghana da Kodebuwa. Shekara kusan ashirin ana sa hannu a takardu. A 2019 kuwa ƙasashen biyu suka haɗa kai suka ce sai an ƙara dala 400 a kan kowane tan saboda manomi. Su ma sun gano a farashi maganar take.

Saran daji kuwa, akwai dokar Tarayyar Turai ta 2023. Duk kayan da aka noma a filin da aka sare dajinsa bayan 31 ga Disamba 2020 ba zai shiga kasuwarsu ba, kuma sai ka nuna wurin gonar da lambobin GPS. To kaɗanyarku… a'a tsaya, kaɗanya ba ta cikin jerin. Koko ne, kofi, manja, roba, katako, shanu, da waken soya. To waken soyarku dai ya shiga. An ɗaga ranar fara aiki da dokar, amma kada wannan ya sa ka kwanta, masu saye ba su jira ba, tun yanzu suke tambaya. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne wa zai biya kuɗin aikin. Auna gonaki, waya, yaran da za su shiga ƙauye da babur, duk kuɗi ne. In kuka jibga wa dillali, zai cire daga bakin manomi. Ku gaya wa mai sayen can cewa tun da shi ke so, ya sa nasa kason. Ana yi, kuma suna biya in an tsaya a kan magana, matsalar mutanenmu ba sa tambaya.

Sai batun sallama. Kada ka kori mutum don ka tarar da matsala karo na farko. In ka kore shi, gobe ya kai kayan kasuwar Kejetia ko ya sayar wa wanda ba ya tambayar komai, yaron yana nan a gona, kai dai ka wanke fayil ɗinka. Ka zaunar da shi, ku rubuta abin da zai gyara da lokacin da za ka dawo ka duba, ka ba shi kafin alƙalami ya sayi tamfol da sikeli mai kyau, ka yi masa alkawarin adadin da za ku saya a kaka don ya san inda ya dosa. Wanda ba shi da rajistar kamfani ko lambar haraji, ka nuna masa hanya, yawancinsu tsoron ofis ne kawai. Amma akwai waɗanda ban yarda a yi musu sassauci ba: wanda ya ɓoye maka gaskiya da gangan bayan an yi magana, wanda ke tsare mutane suna masa aiki don bashi, da wanda ke zuba wa abinci maganin da bai halatta ba. Waɗannan a rufe ƙofa.

Cin hancin ma, a takardar za ka ga kamar masu kawo kaya ake tuhuma. Ka duba ƙofar sitonku tukuna. Mota ta zo daga arewa ta yi kwanaki a waje, direba da yaron mota suna kwana a ƙarƙashinta kan kwali, don mai sito yana jiran na goro kafin ya ce kaya sun yi. Wanda ya bayar a sauke masa ko da kayansa jiƙaƙƙu ne. Wanda ya ƙi a ce akwai ƙura. Ka sa a riƙa auna kaya a gaban mai su, ya ga sikeli da idonsa, a ba shi takarda da nauyi da danshi a rubuce nan take. Ka ba su wata lamba da za su kai kuka wadda ba ta mai sito ba ce, ba kuma taka ba. Kai ma za a kawo maka, ina gaya maka, kafin Sallah za ka ga rago a ƙofar gida. Ka mayar da shi cikin mutunci tun na farko, in ka karɓi ɗaya bakinka ya mutu.

Hajiya ta yi tambaya a ƙasa kan 'yan dako da kayayo, wato matan da ke dako a ka, masu sauke kaya a sito, ko su ma suna cikin lissafi. Suna ciki Hajiya, sosai ma, ko da ta hannun ɗan kwangila aka ɗauke su. Wannan sai na yi masa murya daban don yana da tsawo. Kai kuma ƙanena, in ka karɓo jerin nan daga akanta, ka ja layi a ƙarƙashin duk wanda ya wuce wata guda, ka haɗa jimillar kuɗin, ka shiga da ita taron ranar Litinin kafin a buɗe maganar sa hannu.