Kayan jego sun ɓata a hanyar Ingila: yaya ake rubuta adireshin ƙasar waje a jikin kwali?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni mazauniyar wani ƙauye ce a ƙasar Gumel, Jihar Jigawa, ɗana ne yake rubuta mini wannan. 'Yata tana aure a Ingila, mijinta yana karatu a garin Leeds. Ta haihu, haihuwar fari, ba na kusa. Na sayar da akuya biyu na haɗa kayan jego, yaji da garin kunu da kuka da zannuwan goyo da kayan jariri, muka kai wani shago a Kano da ake aika kaya waje. Yaron shagon ya ce suna da lambar waya sun wadatar. Ya rubuta Leeds, London, da fom ya nemi wata lamba kuma ya sa 234, ya ce kullum haka yake yi. Yau wata huɗu shiru, arba'in ta zo ta wuce. Maƙwabta na cewa Turawa ƙwace kaya suke yi in sun ga sunan Musulmi. Ba na iya barci, ina tunanin kada surukai su ce ban yi wa 'yata komai ba. Na sake haɗa wasu kayan, har da dambun nama, amma tsoro ya hana ni aikawa. Yaya ake rubutawa kaya su isa?

Wata uwa daga ƙasar Gumel

AMSA

Wa alaikumus salam, Hajiya. Barka da arziki. Allah ya raya jariri, ya ba mai jego lafiya, ya mayar miki da abin da kika kashe.

Maganar maƙwabta ki ajiye ta gefe. Birnin Leeds da Bradford da ke kusa da shi cike suke da Musulmi, kuma kullum ma'aikacin gidan waya yana kai kaya ƙofar masu irin sunayenmu. Ba wanda ya ƙwace kayanki saboda suna. Abin da aka rubuta a jikin kwalin ne ba zai kai shi ko'ina ba, kuma na san haka ne domin shekaru na yi a bayan kantar karɓar saƙonni ina ganin irin wannan rubutu.

Mu a nan da tashar mota muka saba. Ki ƙulle saƙo a leda, ki rubuta suna da lambar waya, ki ba direban Gumel, in ya sauka a Yankaba ya buga waya a zo a karɓa. In ma wayar ba ta shiga ba, 'yan kamasho za su ajiye a ofis, wani ya san wani, kaya ba sa ɓata. Wannan tsari yana aiki a wurinmu domin mutum ne yake riƙe da saƙon tun daga farko har ƙarshe. To wannan tunanin ne mutanenmu suke ɗauka su ɗora wa kwalin da zai tsallaka teku, kuma shi ne yake cinye dukiyar jama'a. Kullum sai na ji an ce, ai akwai lambar waya a jiki, in ya isa za su kira. Hajiya, babu mai kira. A can na'ura ce take fara karanta kwali, a kan bel yake tafiya tare da dubban irinsa, kuma abin da idon na'urar yake nema shi ne lambar yanki, wadda masu aikin ke kira foskod. Da ita take sanin motar da za a jefa shi. In ba ta gan ta ba, ko ta ga wadda babu irinta, sai ta ture kwalin gefe ya jira ɗan Adam. Shi kuma ɗan Adam ɗin ya duba ya ga ba lambar gida, ba sunan titi, sai garuruwa biyu a jere. Mai rabon wasiƙa a Ingila ba aikinsa ne bin mutane da waya ba. Lambar waya tana da amfani, kamfanonin aike da kwastan suna tura saƙo ta kanta, amma mataimakiya ce. Ba ta tsayawa a madadin adireshi.

Wannan 234 da yaron ya sa ita ta fi ɓata mini rai. Lambar kiran waya ce ta Najeriya, wadda ake dannawa kafin a kira mu daga waje. Ba foskod ba ce a nan, balle a Ingila. Namu na Najeriya alƙaluma 6 ne, babban gidan waya na Kano 700001, na Dutse 720001. Na Ingila kuwa haruffa ne haɗe da alƙaluma, kashi biyu da fili a tsakani. Na Jami'ar Leeds, misali, LS2 9JT. LS ɗin ita ce Leeds, kashi na biyun kuma yana matse wuri har ya kai ga layi guda, a matsakaici gidaje kamar 15 ne suke tarayya a lamba ɗaya. Ki ga ke nan harafi ɗaya in ya canza, an koma wani layin dabam. Sannan ya rubuta Leeds, London. Mu ne muke kiran duk ƙasar Landan a baki, amma tsakanin garuruwan nan akwai tafiyar kusan kilomita 300. Daidai yake da a rubuta Haɗejia, Kaduna.

Kuma wallahi 234 ba ita ce mafi muni ba. Na ga 00000, na ga 12345, waɗannan aƙalla na'ura tana tofar da su. Wanda ya fi haɗari shi ne mai ɗan wayo, wanda zai buɗe intanet a wayarsa ya nemi foskod na Leeds, ya kwafi na farkon da ya fito ya manna. Wannan lambar gaskiya ce, amma ta wani layi ce can a tsakiyar gari. Na'ura za ta karɓe ta da hannu biyu, kwali ya tafi ofishin rabon da ba nasa ba, a yi ta juya shi. Wani bawan Allah ya taɓa zuwa wurina yana hawaye, takardun shaidar karatun ƙaninsa na asali ya aika a irin wannan hanya, makaranta tana jira, wa'adi ya wuce ba su isa ba. Wanda ya cika masa fom ya karɓi kuɗin aikinsa tun ranar, ba abin da ya shafe shi. Mutum ya kafa teburi, ya sayi sikeli da salatif, ya ce shi wakilin aike ne, alhali ko tsarin adireshin ƙasa ɗaya bai sani ba, kuma girman kai ya hana shi cewa ku je ku tambayo. Kaya amana ne. Wanda ya ƙirƙiro lamba don fom ya wuce ya san ƙarya ya rubuta, kuma akuyoyinki biyu ne suka tafi a kan wannan ƙaryar. Haƙƙi ne, za a tambaye shi.

Yanzu ga abin yi. Adireshin ƙasar waje ba a tsara shi a nan, kwafo shi ake yi. Ki sa ɗanki ya ce wa surukinki ya ɗauki hoton wata wasiƙa da ta taɓa zuwar masa gidan, ta banki ko ta kuɗin wuta ko ta hukumar gari, ya rufe sauran bayanan ya turo wurin adireshin kawai ta WhatsApp. Kada a karɓa ta baki ko ta saƙon murya. A waya B da D ɗaya suke, M da N ɗaya suke, a rubutu kuma sifili da harafin O suna rikicewa. Yadda layukan suka zo a hoton haka za a sauke su, ba a gyara, ba a fassara, ba a taƙaita. Na Ingila zai zo ne kamar haka: layin farko sunan mai karɓa, na biyu lambar ɗaki idan bene ne mai gidaje da yawa, sai lambar gida da sunan titi, sai sunan gari da manyan baƙaƙe, sai foskod shi kaɗai a layinsa. Abu ɗaya tak za ku ƙara da hannunku, sunan ƙasa a layin ƙarshe da manyan baƙaƙe: UNITED KINGDOM. Wannan layin na ma'aikatanmu na nan ne, da shi suke sanin buhun da kwali zai shiga. Kada a rubuta komai a ƙarƙashinsa. Lambar wayar surukinki, wadda za ta fara da 44, tana da gurbinta a fom.

Lambar ɗakin nan kada a raina ta. Ɗalibai galibi a irin waɗannan benaye suke zama, gini ɗaya ƙofofi talatin, maƙwabci bai san maƙwabci ba. Sunan titi ma a cika shi har wutsiyarsa, domin a unguwa ɗaya ana samun suna guda da Road da Street da Avenue, kuma layuka uku ne dabam-dabam.

Suna kuma a sa wanda yake jikin fasfo. Na san a gida da wani sunan kike kiranta, in 'yar fari ce wataƙila ma ba kya faɗar sunan, amma idan aka zo ba a same su ba aka bar musu kati, sai an nuna shaida kafin a ba da kaya a ofis. Tunda tana jego, ya fi sauƙi a rubuta sunan mijin.

Saboda sauran masu karatu da 'ya'yansu ke wasu ƙasashe, dalilin da ya sa nake nanata kwafi shi ne kowace ƙasa da nata jerin. Jamus sunan titi take fara sawa kafin lambar gida, foskod mai alƙaluma 5 kuma kafin sunan gari. Amurka bayan gari sai haruffa biyu na jiha, kamar TX ko MD, sannan alƙaluma 5, kuma in aka bar jihar an shiga uku, domin gari mai suna Portland akwai a jihar Oregon akwai a jihar Maine. Indiya alƙaluma 6 ne, kuma Hyderabad akwai a Indiya akwai a Pakistan. Saudiyya tana da abin da suke kira adireshin ƙasa: lambar gini mai alƙaluma 4, titi, unguwa, gari, foskod mai 5, da ƙarin lamba mai 4. Rubuta "kusa da Harami" ba adireshi ba ne, duk wanda ke zaune a can ya turo nasa cikakke. Idan an turo da Larabci a manna shi yadda yake, a kuma rubuta da boko a gefe. Dubai ba su da foskod ko kaɗan, don haka kada a ƙirƙira musu, akwatin gidan waya suke amfani da shi, kamar yadda a Nijar za ka ga BP da lamba. Sai dai a lura, kamfanonin aike masu zaman kansu yawanci ba sa kai kaya akwatin gidan waya, adireshin gida suke so.

Naki adireshin ma a rubuta shi, ƙarami, a kusurwar hagu ta sama: sunanki, ƙauye, ƙaramar hukuma, jiha, NIGERIA, da waya mai aiki. In ƙauyen ba ya samun rabon wasiƙa, a sa na ɗan'uwa a cikin Gumel ko Kano, a tambayi foskod ɗin a gidan waya. Da yawa daga kayan da ake cewa sun ɓata dawowa suka yi, aka rasa wanda za a miƙa wa. A yi rubutun da baƙar maka, wato alƙalami mai kaurin rubutu, a farar takarda, a lulluɓe da salatif mai haske, a jefa kwafi ɗaya cikin kwalin ko na waje zai yage. In tsohon kwalin taliya ne ko na sabulu, a rufe duk tsoffin lambobin da ke jikinsa.

Dambun naman nan, Hajiya, ki cire shi. Na san jego ba ya cika sai da nama, amma Birtaniya ta hana shigo da nama da kayan madara daga ƙasashe irin namu, ko ta gidan waya ne. Dambu, kilishi, man shanu, duk ciki. In aka gani za a ƙwace a lalata, ya jawo wa sauran kayan tsaiko. Kada kuma wani ya ce miki a rubuta tufafi kawai a takardar kwastan. Takardar, CN22 ga ƙaramin ƙunshi ko CN23 ga babba, ke ce kike sa hannu a kanta. A jera komai da sunansa da nauyinsa da kimarsa: zannuwa guda kaza, garin barkono kilo kaza, garin ganyen kuka kilo kaza. Kuɗin naman ki tura wa surukinki, mahautan halal suna nan birjik a Leeds.

Kwalin farko kuma ban cire rai ba tukuna. Ɗanki ya nemo rasit. Idan ta gidan waya aka aika, zai ga lambar bibiya mai gurbi 13, haruffa biyu, alƙaluma 9, ta ƙare da NG. Ya tura wa surukinki ya duba ta a shafin Royal Mail ko Parcelforce, masu rabon wasiƙu da kaya a Ingila, shi ma ya duba a na NIPOST, hukumar gidan waya ta Najeriya, za a ga inda aka yi mata gani na ƙarshe. A ƙa'idar gidajen waya ta duniya wata shida ake ba mai kaya ya shigar da koke, na kamfanoni ya fi haka gajarta, ke kuma kin ci huɗu, don haka cikin makon nan za a yi. Idan kuwa rasit ɗin na shagon ne kawai babu wata lambar bibiya, to ya koma shagon da babban mutum a gefensa, su nemi a nuna musu takardar da aka miƙa kwalin da ita, da sunan wanda ya karɓa, da ranar da ya bar Kano.