Me ya sa ɗakunan karatu ke adawa da dokar kare rumbun bayanai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibin ilimin laburare ne. A wani darasi an ce mana ƙungiyoyin ɗakunan karatu sun daɗe suna yaƙar dokokin da ke ba masu rumbun bayanai (wato tarin bayanai da aka jera cikin tsari don a riƙa nema a ciki) kariya ta musamman, a Amurka da Turai. Abin ya ɗaure mini kai. Wanda ya kashe kuɗinsa da lokacinsa ya tattara bayanai, ai bai kamata wani ya zo ya kwashe a banza ba. Mene ne ainihin abin da suke gudu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ma'aikatan laburare ba su taɓa cewa a bar kowa ya wawure aikin wani ba. Abin da suke ƙi shi ne a ba mutum ikon mallakar gaskiyar lamari ita kanta, wato sunan gari, ranar haihuwar wani, adadin ruwan saman da aka yi, sakamakon gwajin kimiyya, don kawai shi ne ya fara jera su wuri guda.

Dokar haƙƙin mallaka ta asali tana kare abin da mutum ya ƙirƙira da basirarsa: zaɓen abin da zai shiga rumbun da yadda aka tsara shi. Ba ta kare bayanan da ke ciki. Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da haka a 1991, a shari'ar kamfanin Feist da kamfanin waya na Rural a jihar Kansas. Feist ya kwafi sunaye da lambobi daga littafin lambobin waya na Rural, har da sunaye huɗu na ƙarya da aka dasa don kama mai kwafa. Duk da haka kotu ta ce ba a keta haƙƙin mallaka ba, domin jera sunaye bisa haruffa ba ƙirƙira ba ce, kuma gumin da aka zubar wajen tarawa ba ya mayar da bayani dukiyar wani.

Turai ta bi wata hanya. A watan Maris na 1996 Tarayyar Turai ta fitar da umarni mai lamba 96/9, wanda ya ƙirƙiri sabon haƙƙi daban da haƙƙin mallaka. Duk wanda ya zuba jari mai yawa wajen samo bayanai, ko tantance su, ko gabatar da su, yana da ikon hana wani cire kaso mai yawa daga rumbun ko sake amfani da shi. Har ma cire ƙananan kaso akai-akai cikin tsari na iya zama laifi. A nan ne ma'aikatan laburare suka ga haɗari guda uku.

Na farko, wa'adi. A takarda shekara 15 ne. Amma idan mai rumbun ya yi masa babban sabunta da ya ci jari, sai a sake ƙirga wasu 15. Rumbun da ake ƙara wa bayanai kullum, irin na dokoki ko na magunguna, ba zai taɓa fita daga kariya ba ke nan. Littafi yakan koma dukiyar kowa bayan wa'adinsa ya ƙare. Irin wannan rumbu ba ya komawa.

Na biyu, wanda ya fi damun masu bincike, shi ne rumbun da babu wata kafa ta samun bayanansa sai shi. Idan kamfani ɗaya ne ke riƙe da jadawalin wasu gwaje-gwaje, ba za ka iya zuwa ka tara naka ba, domin asalin bayanan a hannunsa suke. Daftarin farko da Hukumar Turai ta gabatar a 1992 ya tanadi cewa a irin wannan hali a tilasta wa mai rumbun ya ba da lasisi bisa sharuɗɗa na adalci. An cire wannan tanadi kafin a zartar da dokar.

Na uku, keɓancewar da umarnin 1996 ya yi wa ilimi, wato damar amfani da bayanan ba tare da neman izini ba, ƙanƙanta ce, kuma an bar wa kowace ƙasa zaɓin ko ta saka ta cikin dokarta ko ta ƙyale. Ma'aikacin laburare da aka nemi ya ciro wa mai bincike teburin alƙaluma, ko ya adana kwafi kafin kamfani ya rufe rumbun, ba ya iya sanin inda "kaso mai yawa" ya fara. Kuma inda doka ba ta fayyace ba, mai tsoron shari'a yakan ƙi yin abin da ma ya halatta.

A Amurka an yi ta gwada kawo irin wannan doka. Ƙudurin majalisar wakilai mai lamba H.R. 3531 na 1996 ya nemi kariya ta shekara 25. Sai H.R. 2652 a 1997, H.R. 354 a 1999, da H.R. 3261 a 2003. Manyan masu buga bayanai irin su Reed Elsevier da Thomson suka mara musu baya. Ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka, da ta manyan ɗakunan bincike, da ta ɗakunan karatun shari'a, suka haɗa kai da cibiyoyin kimiyya da wasu kamfanonin intanet suka tsaya tsayin daka. Wata fargabarsu ta musamman: a Amurka ayyukan gwamnatin tarayya ba su da haƙƙin mallaka, to kada kamfani ya ɗauki bayanan da al'umma ta riga ta biya kuɗin tarawa ya sa musu makulli. Babu ƙuduri ko ɗaya da ya zama doka. Yarjejeniyar duniya da aka shirya kan wannan batu a taron WIPO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙin mallakar fasaha, a Geneva cikin Disamba 1996 ita ma ba a amince da ita ba.

Mu a ganinmu, abin da ya biyo baya ya ƙarfafa hujjar ɗakunan karatu. A 2004 Kotun Turai, a shari'ar hukumar tseren dawakai ta Birtaniya da kamfanin caca na William Hill, ta ce kuɗin da aka kashe wajen ƙirƙirar bayanai, kamar tsara jadawalin tsere, ba ya cikin jarin da dokar ke karewa. A 2005 kuma Hukumar Turai da kanta ta duba dokar, ta ce ba a tabbatar ta bunƙasa samar da rumbunan bayanai ba. Sai a 2019 aka ƙara keɓancewa ta tilas don adana kayan tarihi da kuma haƙar bayanai, wato tace ɗimbin bayanai da kwamfuta, saboda binciken kimiyya.

Idan ka fara aiki, ka sani cewa yau yarjejeniyar lasisi ce ke yanke yawancin abin da mai karatu zai iya yi. Kafin a sa hannu, a duba abu huɗu: ko za a ci gaba da samun bayanan shekarun da aka biya bayan an daina biya, ko an yarda a aika wa wani laburare wani ɓangare, ko an yarda a yi haƙar bayanai, da kuma ko akwai saɗarar da ke cewa yarjejeniyar ba za ta rage abin da doka ta riga ta halatta ba. Idan ta ƙarshen ba ta nan, a nemi a saka ta.